Tumatirin da Ba a Shuka Ba

Shekara tara Ja'afaru yana aikin lambu a gidan Alhaji Al-Amin da ke Nassarawa GRA, kuma babu irin takin da bai bi ta hannunsa ba. Ya san na shanu, ya san na awaki, ya san na kaji mai ƙona saiwa idan an cika shi. Amma wanda Bala direba ya sauke masa a bayan gareji wata Talata, tsakiyar bazara, bai taɓa ganin irinsa ba.

Buhu goma sha biyu ne, farare, babu rubutu a jikinsu. Ja'afaru ya kwance bakin ɗaya, ya cusa hannu ya damƙo. Baƙi ne, ya fashe gutsure-gutsure kamar lakar kududdufin da rana ta busar. Ya murza, ya kai hanci. Ba wani wari sosai, sai ɗan bashi can ƙasa-ƙasa.

"Bala, wannan na wace dabba ne?"

"Daga wurin aikin Anti Nabiha yake. Ita ta ce a kawo wa Alhaji."

"Na ji wannan. Na ce na wace dabba ne?"

Bala ya yi dariya, ya kaɗe gaban rigarsa. "Kai dai ka cika bincike, Malam Ja'afaru. Zuba kawai. Mai ƙarfin na zaɓo maka da kaina, ba irin wanda ake ba kowa ba."

Ya wuce bakin famfo. Ja'afaru yana kallonsa, ya ga ya saɓa sabulu har gwiwar hannu, ya ɗauraye, ya sake saɓawa. Mutumin da ke cin gurasa da hannun da ya gama taɓa baƙin mai, yau shi ne da wanki biyu. Abin ya zauna wa Ja'afaru a rai.

Nabiha ita ce babbar 'yar Alhaji. Tana aure a Giginyu, takan zo gida ƙarshen mako. Abin da Ja'afaru ya sani game da aikinta kaɗan ne: ta yi karatun injiniya, tana aiki a wani wurin gyaran ruwa a bayan gari, Bala kuma shi ke tuƙa motar wurin. Yarinya ce mai gaisuwa, ba ta taɓa wuce shi ba ta ce masa sannu ba.

Da shiga get ɗin gidan, ta hannun dama, akwai shimfiɗar ciyawa ƙarƙashin darbejiya uku. Wannan ciyawar ita ce abin alfaharin Alhaji. Masallaci yana da ɗan nisa daga layin, don haka tun da daɗewa ya yarda a riƙa shimfiɗa tabarmi a nan ana Azahar da La'asar da Magariba. Masu gadin layin suna zuwa, da direbobi, da tela mai shago a kwana, da mai shayi. Malam Baffa, wanda ke koya wa jikokin Alhaji karatu, shi ke jan sallar. Bana zafi ya ci ciyawar har ta yi ja, shi ya sa Alhaji ya ce a fara da ita.

Ja'afaru ya barbaɗa buhu takwas, ya bi da ruwa safe da yamma. Cikin mako guda ciyawa ta farfaɗo, ta yi kore shar. Alhaji ya tsaya a kanta da carbinsa, ya ce, "Ka ga aikin ilimi ko, Ja'afaru?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

A kwana na tara ne, yana jan tiyo da sassafe, ya hango wasu ƙananan tsirrai masu ganye biyu sun leƙo ta tsakanin ciyawar. Ya ɗauka ciyawar banza ce, ya cire ya yar. Bayan kwana uku sai ga su ko'ina, har wasu sun fitar da ganye na uku mai tsaga-tsaga da ɗan gashi. Ya tsuguna, ya tsinki ɗaya, ya murza tsakanin yatsu, ya sansana.

Tumatir.

Ya miƙe a hankali ya zagaya gidan. A gefen katanga inda ya zuba takin shanu wata biyu da suka wuce, babu ko ɗaya. A kwamin bayan kicin, babu. Sai inda baƙin takin nan ya sauka kaɗai, har a jikin tukwanen furen da ya ɗan yayyafa wa.

Ja'afaru mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gezawa, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san inda tumatir ke fitowa ba tare da an shuka shi ba. Yana fitowa a bakin tsohon masai da aka binne. Yana fitowa a bayan danga, inda yara ke tsugunawa. Ƙwayar tumatir ba ta narkewa a cikin mutum, yadda ta shiga haka take fita. Tun suna ƙanana babansu ya hana su tsinkar irin wannan, komai jansa.

Ya koma bayan gareji ya tsaya a kan buhu huɗun da suka rage. Ya dubi tafin hannunsa. Da wannan hannun ya barbaɗa shi, a wurin da mutane ke sa goshi.

Ranar bai iya cin abinci ba. Da aka kira Azahar ya yi alwala, ya nufi darbejiya, ya ga an shimfiɗa tabarmi kamar kullum, tela ma ƙafarsa ɗaya a kan ciyawa take saboda tabarmar ta gaza. Sai ya fasa. Ya juya, ya je bayan gareji, ya shimfiɗa buhun siminti a kan daɓe ya yi sallarsa shi kaɗai.

To wa zai faɗa wa? Idan ya je wa Alhaji, me zai ce? 'Yarka ta aiko maka da ƙazantar mutane a buhu? Ba a yi bakin da zai faɗi wannan ba, balle na mai lambu. Kuma idan aka tambayi wanda ya zuba, shi ne. Yana da mata da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu a Hotoro, wannan aikin shi ne cinsu, shi ne makarantarsu.

Sai tunani ya riƙa kai shi yana dawo da shi. Wataƙila Nabiha ba ta sani ba, Bala ne ya yi wani abu. Ai ya ga wankin hannun nan. To me Bala zai samu? Ko wani ne ya sa shi, don a ɓata wurin sallar? Akwai maƙwabcin da ya taɓa ƙorafi kan masu gadi suna taruwa a layin. Ko kuwa Alhajin ya sani, ya yi shiru don ciyawarsa ta yi kyau? Ja'afaru ya fara kallon ƙafar Alhaji, ko zai ga yana kaffa-kaffa da ciyawar. Bai ga komai ba. Ya kalli Malam Baffa, shi ma haka.

Abin da ya iya yi ɗaya ne. Kullum da sassafe, kafin kowa ya fito, yana bin ciyawar a tsugune yana cire tumatirin, yana tarawa a wani tsohon bokitin fenti. Yau ya cire, gobe wasu su fito. Lokacin salla kuwa kullum da uzurinsa: tiyo ya fashe, cikinsa na juyawa, ya riga ya yi.

Mika, mai gadin gidan, mutumin Zariya ne, Kirista, ya fi kowa daɗewa a gidan. Wata yamma ya same shi yana wanke bokiti, ya tsaya a kansa da rediyonsa a hannu.

"Jafaru, ka zo mu riƙa tafiya tare ranar Lahadi mana."

"Ina?"

"Coci. Tunda ka bar na mutanenka, kar ka zauna haka babu ko ɗaya."

"Mika, bar wannan wasan."

"Wallahi ba ni na fara ba." Mika ya rage muryar rediyon. "Tela yana cewa an gan ka a Hotoro kana zama da wasu masu cewa sallar kowa ba ta yi ba sai tasu. Mai shayi ya ce a'a, Malam Baffa ne ka raina. Jiya Malam ya daɗe a falon Alhaji. Ni dai na ji sunanka sau biyu, ban ji sauran ba. Me ya haɗa ka da Malam?"

"Babu komai."

"To me kake tsinta a ciyawa kullum da safe kamar kaza? Ina ganinka ta taga. In wani abu ka binne, gara ka tone tun kafin su tone maka."

Ja'afaru ya ɗago da sauri. Ashe har nan maganar ta kai. Shi yana zargin mutane, mutane suna zarginsa.

Washegari Malam Baffa ya wuce shi a bakin get. Ja'afaru ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, an tashi lafiya?" Malam ya ce, "Lafiya," bai tsaya ba, bai tambayi iyali ba. Da yamma kuma jikokin Alhaji biyu suka fito suna birgima a kan ciyawar, ƙaramar har da tsinkar ganye tana kaiwa baki. Ja'afaru ya daka musu tsawar da bai taɓa yi ba, ƙaramar ta fashe da kuka ta ruga ciki.

Ranar Asabar da hantsi aka ce Alhaji yana kira.

A baranda ya same su. Alhaji a kujerarsa, Malam Baffa a kan darduma, Nabiha kuma da ta zo tun safe tana gefe tana zuba wa mahaifinta shayi. Ja'afaru ya cire takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ja'afaru," in ji Alhaji, "ni ba na shiga tsakanin mutum da aƙidarsa. Amma gidana ba wurin raba kan mutane ba ne. Ka daina bin Malam salla. Kana rarrafe a ciyawa da asuba, ba a san me kake yi ba. Jiya ka firgita min jika. In akwai abin da ka gani a wurin Malam wanda ya hana ka binsa, ga shi nan zaune, faɗi. In kuma zaman ne ya ishe ka, shi ma faɗi, mu rabu lafiya."

"Ranka ya daɗe, ni ban isa in ga aibin Malam ba."

"To mene ne?"

Ja'afaru ya dubi Nabiha, ya sunkuyar da kai. "A ba ni izini in ɗauko wani abu."

Ya je ya dawo da bokitin fenti, ya ajiye a gabansu. Na ƙasa sun yi yaushi, na sama kuwa na safiyar ranar ne, shar da su.

"Wannan fa?"

"Tumatir ne, ranka ya daɗe. A ciyawa yake fitowa. Ban shuka ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mu a ƙauye, wuri ɗaya muka san yana fitowa haka. A gafarce ni. Takin nan, ina jin ba na dabba ba ne."

Alhaji ya dube shi, ya dubi Malam Baffa, sai ya kwashe da dariya har shayin ya zuba masa a hannu.

"Wannan ne? Ja'afaru, wa ya ce maka na dabba ne? Kai kaɗai ne a gidan nan ba ka san aikin Nabiha ba? Motocin nan masu yashe masai da sokawe, ina kake tsammani suna kaiwa?"

Ja'afaru ya dubi bokitin.

"Tun bara na tambayi Malam," in ji Alhaji. "Malam, faɗa masa."

Malam Baffa ya gyara zama. "Abin da aka bayyana min shi ne ana sarrafa shi har ya rikiɗe, ya bar kamanninsa da warinsa, ya koma ƙasa. Na ce idan haka ne, ya fita daga hukuncinsa na farko. Da ka tambaya, Ja'afaru, da ka huta, da mu ma mun huta da zato."

Kunya ta rufe Ja'afaru. Ashe kowa ya sani. Ya kai hannu zai ɗauke bokitinsa.

"Dakata, Malam Ja'afaru."

Nabiha ce. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye butar shayi, ta tsuguna gaban bokitin, ta zaro tsiro ɗaya tana juya shi.

"A ina da ina ya fito?"

"Duk inda na zuba, Anti."

"Da yawa?"

"Kullum sai na cika hannu biyu."

Ta miƙe, fuskarta ta canza. "Abba, wannan ba abin dariya ba ne. Bai kamata ko ɗaya ya fito ba."

"Kamar yaya?"

"Aikin hawa biyu ne. Idan motoci suka juye, ruwan yana tsanewa, lakar ta zauna a fili rana ta busar da ita. Wannan busasshe ne kawai, bai zama taki ba. Daga nan muke haɗa shi da buntun shinkafa da ruɓaɓɓen ganyen kasuwa, a tara tsibi-tsibi. Cikin tsibin yana yin zafin da ba za ka iya barin hannunka a ciki ba. Ana juyawa, ana aunawa, makonni. Zafin nan shi ke kashe ƙwan tsutsar ciki da sauran cuta. Kuma yana kashe iri, kowane iri. Idan ƙwayar tumatir ta rayu, to abin nan bai taɓa shiga tsibi ba."

Ta fita da sauri zuwa bayan gareji, ta dawo da ɗan gutsure a kan takarda. "Duba, Abba. Ko buntu ɗaya babu a ciki."

Ta danna wayarta, ta buɗe murya kowa ya ji.

"Bala, takin da ka kawo gidan Abba, daga ina ka ɗiba?"

Bala ya ce, "Anti, lafiya?"

"Daga ina ka ɗiba?"

"Daga wurin shanya, Anti. Ai wancan na tsibin duk an dafe shi, an kashe masa ƙarfi, rabinsa ma buntu ne. Manoman da ke zuwa, ɗanyen suke roƙo, ke kike hana su. Na ce gidan Alhaji ne guda, ba zan kai masa gauraye ba. Ni da kaina na cika buhunan. Bai yi kyau ba ne?"

Nabiha ta runtse ido. "Ka zo yanzu da mota, da safar hannu, da shebur. Sauran maganar sai ka zo." Ta kashe.

Malam Baffa ya ce, "To wannan ba shi ne abin da aka tambaye ni ba."

"Ba shi ba ne, Malam," in ji Nabiha. "Laifin namu ne, ni ya kamata in duba buhunan kafin su fita. A kewaye ciyawar da igiya, kar kowa ya taka. Za a kankare saman a mayar can a sa a tsibi. Yara su sha maganin tsutsa, kai ma Malam Ja'afaru, da iyalinka. Ka yi mana babban taimako."

Ja'afaru ya ji kamar an sauke masa dutse. Amma da ya ɗaga kai, ya ga Alhaji ba ya kallon 'yarsa. Shi yake kallo.

"Yaushe ka gane?"

"Ranka ya daɗe..."

"Kwana nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya." Alhaji ya ajiye kofin a hankali. "Bala wauta ya yi, yana ganin alheri yake min. Kai kuwa ka sani. Ka ɗauke sallarka ka kai bayan gareji inda yake da tsarki, ka bar mu muna sa goshi. Ka bar Malam. Ka bar jikokina kwana goma, sai jiya ka tuna da su."

"Tsoro na ji, ranka ya daɗe. Na ga kamar in na faɗa, Anti na zaga. Kuma ni na zuba."

"Shekara tara, ka taɓa ganin na kori mutum don ya faɗa min gaskiya?"

Ja'afaru ya dubi ƙasa. Bai taɓa gani ba. Bai kuma taɓa ganin wanda ya gwada ba.

"Abba," in ji Nabiha, "ba don shi ba, da har yanzu..."

"Na ji, Nabiha." Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Ba ni kaɗai ka yi wa ba, don haka ba ni kaɗai zan yanke ba. Anjima da La'asar, kafin a tayar, kai za ka tashi ka faɗa wa mutane da bakinka. Duka, har da kwanakin. In sun karɓe ka, aikinka yana nan. In ba za ka iya ba, ka ajiye makullin sito wurin Mika."

Kafin La'asar an kewaye ciyawar da igiya, Bala yana ciki da shebur, gumi na zuba, ya ƙi haɗa ido da kowa. Aka shimfiɗa tabarmi a kan daɓen bakin get. Mutane suna zuwa suna tambayar me ya faru, Mika yana ce musu su jira, akwai mai wa'azi yau.

Ja'afaru ya tashi a gabansu. Bai iya tsara magana ba, ya faɗe ta yadda ta zo: takin, tumatirin, bayan gareji, kwana goma sha ɗaya. Da ya gama, tela ya tofar da yawu gefe.

"Wato kai ne mai tsarki, mu ne awaki? Ƙafata kullum a kan ciyawar nan take!"

"Kai da ka ce an gan shi da wasu a Hotoro fa?" in ji mai shayi. "Wa ya gan shi?"

"Wannan daban."

"Malam, sallolinmu fa?" wani direba ya tambaya. "Ramawa za mu yi?"

"Ba ku sani ba, kuma tabarma tana tsakani," in ji Malam Baffa. "Babu ramuwa a kan kowa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya same ni bayan salla." Ya juya ga Ja'afaru, ya daɗe yana dubansa. "Ni ma na zarge ka da abin da ba ka yi ba, har na kai ƙararka. Wannan nawa ne, ka yafe min. Naka kuma ka faɗa da bakinka. Akwai mai sauran magana?"

Tela ya yi gunaguni ƙasa-ƙasa. Alhaji yana sahun gaba, bai juyo ba.

"To a tayar da salla," in ji Malam.

Mutane suka miƙe suna daidaita ƙafafu. Ja'afaru ya tsaya can baya, bai san inda zai sa kansa ba. Mai shayi ya waiwayo, ya matsa kaɗan, ya ja hannun rigarsa.

"Shigo mana, Malam Ja'afaru. Ka bar mana giɓi a sahu."